Tarihin Libarbar Kaboyi da Dalilin da Ya Sa Ba a Goge Tsufanta

Duk wanda ya taso yana kallon fina-finan kaboyi ya san ƙaramar bindigar nan mai gidan harsashi shida da ke juyawa, wadda ake kira libarba. Yau a Amurka ta zama kayan tarihi, ana sayenta da maƙudan kuɗi, ana kuma jayayya kan yadda ya kamata a gyara ta.

Samuel Colt ne ya yi rajistar ƙirarsa a 1836, ya buɗe masana'anta a garin Paterson na jihar New Jersey. Kasuwa ba ta karɓe shi ba, kamfanin ya durƙushe a 1842. Abin da ya farfaɗo da shi yaƙi ne. A 1844 wasu dakarun Texas ƙarƙashin Jack Hays suka gwabza da mahayan ƙabilar Comanche da suka fi su yawa, suka rinjaye su saboda suna iya harbi sau biyar ba tare da sun tsaya ɗuri ba. Ɗaya daga cikinsu, Samuel Walker, shi ya haɗa kai da Colt suka fitar da sabuwar ƙira a 1847, mai nauyin kimanin kilo biyu. Guda 1,100 kacal aka ƙera. Da yawa sun fashe a hannun soja saboda ƙarfin albarushi, shi ya sa kaɗan suka rage. A 2018 an sayar da ɗaya a gwanjo kan dala miliyan 1.84.

Wadda aka fi gani a fim kuwa ita ce ƙirar 1873, da kamfanin Colt ya yi a garin Hartford, sojan Amurka suka ɗauke ta. Ita ce a ƙugun dakarun Custer lokacin da mayaƙan Lakota da Cheyenne suka gama da su a Little Bighorn a 1876. Kada mu manta, abin da fim ke nunawa a matsayin jarumta, ga waɗannan ƙabilu ƙwace ƙasa ne da kora. Bindigar na cikin shaidun wannan zamani.

To, me masu tarawa ke dubawa? Na farko lamba. Ana buga lamba ɗaya a sassa daban-daban na bindigar, idan suka yi daidai an san ba a sauya mata komai ba. Na biyu tambarin jami'in gwamnati da ya duba ta, wanda ake bugawa a jikin katakon mariƙi. Na uku takardar asali: kamfanin Colt na riƙe da tsofaffin littattafansa, yana ba da wasiƙar da ke nuna ranar da aka fitar da bindiga da wanda aka aika wa. Asali ne ke ɗaga farashi. Wadda Pat Garrett ya harbe ɗan fashin nan Billy the Kid da ita a 1881 ta haura dala miliyan 6 a gwanjon 2021.

A nan ne gyara ke zama haɗari. Wanda ya sa takardar yashi ya kankare ƙarfe don ya yi ƙyalli, ya shafe tambari, ya dusashe rubutu, ya kuma rage darajar abin da hannunsa. Ƙwararru sukan tsaya ga tsayar da tsatsa, su shafa mai ko kakin zuma, su bar launin da shekaru suka bari. Idan dole a sauya wani ƙarfe, sai su adana tsohon, su rubuta abin da suka yi. Ba sa kuma zuba wa irin na farko albarushin zamani, domin ƙarfenta ba zai jure ba.

Sojan Amurka kansu sun bar darasi. Daga 1895 suka kwaso tsofaffin libarbansu, suka rage tsawon baki daga inci 7.5 zuwa 5.5, galibi suka harhaɗa sassa ba tare da kula da lamba ba. Bindigogin sun ci gaba da aiki, amma gano wace ce ta je wane yaƙi ya yi wuya har yau.

Abu ɗaya a kiyaye. Dokar tarayyar Amurka na ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi. A Najeriya ba haka ba ne: dokar makamai ta sa libarba cikin waɗanda aka haramta riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa. Namu dai karanta tarihin ne. Amma idan akwai tsohon takobi ko tasar tagulla da aka gada a gida, kafin a kai wa maƙeri ya goge, a fara tambayar dattawa labarinsa a rubuta. Allah ya sa mu amfana.