Hannun da Ya Warke, Sannan Ya Karye

'Yan'uwa matasa, mun saba jin shaidar da ke ƙarewa da warkarwa, mu yi tafi mu ce amin. Tarihin Dave Dravecky ya ci gaba bayan tafin.

An haife shi a 1956 a Youngstown, jihar Ohio ta Amurka. A wasan besbol, shi ne mai jefa ƙwallo ga wanda zai buge ta da sanda. Bahago ne, hannun hagu shi ne jarinsa. Ya fara wasa a babbar gasa da San Diego Padres a 1982, ya koma San Francisco Giants a 1987.

A 1988 likitoci suka gano ciwon daji a wannan hannun. A watan Oktoba suka cire rabin tsokar kafaɗarsa, suka ce da wuya ya sake jifa. Ranar 10 ga Agusta 1989 ya dawo fili, ya yi jifa zagaye takwas, Giants suka doke Cincinnati Reds da ci 4 da 3. Ya ɗaukaka Yesu a gaban 'yan jarida.

Bayan kwana biyar, a Montreal ta Kanada, yana cikin jifa sai ƙashin damtsensa ya karye, ya faɗi ƙasa. Ciwon ya dawo, ya bar wasa a ƙarshen shekarar. A watan Yuni 1991 aka yanke masa hannun har da kafaɗa.

To, Ubangiji ya janye alherinsa ke nan? Dravecky da matarsa Jan ba su ɓoye ba: sun sha fama da fushi da baƙin ciki mai zurfi. Daga cikin wannan wahala suka kafa hidimar ƙarfafa masu ciwon daji da waɗanda aka yanke wa gaɓa.

Mu ma muna da hannun hagunmu: sakamakon jarrabawa, murya a ƙungiyar mawaƙa, sana'a, lafiyar jiki. Idan darajarmu a can take, ranar da abin ya karye mu ma mun karye. A 2 Korintiyawa 12, Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa ƙaya. Ba a cire ba, aka ba shi alherin da ya ishe shi.

A wannan mako, kowannenmu ya ambaci nasa hannun a addu'a, ya miƙa shi ga wanda ya ba shi.