Mahavir Prasad Dwivedi da Mujallar Saraswati: Editan da Ya Daidaita Harshen Hindi

Masana tarihin adabin Hindi, harshen da ya fi kowane yawan masu magana a arewacin Indiya, sun saba raba adabin zamani zango-zango, kuma zangon da ya kama daga wajen 1900 zuwa 1920 suna kiransa zamanin Dwivedi, da sunan Mahavir Prasad Dwivedi, mutumin da waƙoƙinsa ba su kai na manyan mawaƙan lokacinsa ba, bai kuma bar wani ƙagaggen labari da ake tunawa da shi ba. Dalilin wannan karramawa shi ne aikin edita da ya yi wa mujallar Saraswati daga 1903 zuwa 1920, inda ya duƙufa wata bayan wata yana gyaran rubutun wasu, har irin Hindin da ya ɗora marubuta a kai ya zama daidaitaccen harshe, wato nau'in da makarantu da jaridu suka amince da shi a matsayin ma'auni.

An haife shi a 1864 a ƙauyen Daulatpur da ke gundumar Raebareli, cikin jihar Uttar Pradesh ta yau, a gidan Brahman maras wadata, kuma mahaifinsa ya taɓa yin soja a rundunar Kamfanin Ingila da ke mulkin Indiya a wancan lokaci. Rashin hali ya katse masa karatun makaranta, sai ya tafi Bombai ya koyi aikin wayar tangarahu, ya shiga hukumar jirgin ƙasa, ya yi ta hawa har ya zama babban akawu a garin Jhansi. A cikin waɗannan shekaru ne ya zurfafa a Sanskirit, tsohon harshen littattafan addinin Hindu, ya kuma ƙware a Turanci da Marathi da Gujarati da Bengali, yawanci da ƙoƙarin kansa. Ana iya ganin tarbiyyar ofishin jirgi a dukkan aikinsa na baya, domin ya zo wa adabi da ɗabi'ar kiyaye lokaci da ƙin sakaci.

Halin da harshen yake ciki a lokacin yana da sarƙaƙiya. Tun 1837 Turawan mulkin mallaka suka cire Farisanci daga kotuna, suka bar Urdu da ake rubutawa da baƙaƙen Farisa a lardunan arewa, kuma masu son rubutun Nagari, baƙaƙen da ake rubuta Sanskirit da Hindi da su, suka yi ta fafutika, suka kafa ƙungiyar Nagari Pracharini Sabha a Banaras a 1893, har gwamnan lardin, Antony MacDonnell, ya halatta Nagari a kotuna a 1900. Sai dai a cikin gidan Hindi kansa akwai ɓaraka, domin ana rubuta zube da Khari Boli, karin harshen yankin Delhi wanda shi ne kuma tushen Urdu, alhali waƙa ta kasance a hannun Braj Bhasha, karin yankin Mathura, wanda ya ɗauki ƙarnoni yana ɗauke da waƙoƙin begen Krishna, abin bautar mabiya Hindu, da na soyayya. Mawaƙa da yawa sun yi imani cewa Khari Boli ya yi kaushi da yawa ga waƙa. Shi ma zuben ba shi da tsayayyen nahawu, kowane marubuci yana jan sa zuwa karin garinsu.

Chintamani Ghosh, ɗan Bengal mai maɗaba'ar Indian Press a Allahabad, shi ya kafa Saraswati a watan Janairun 1900 da amincewar ƙungiyar Banaras, ya sa mata sunan abar bautar da mabiya Hindu suke dangantawa da ilimi. Dwivedi ya ja hankalinsa ne da wani tarke mai zafi da ya yi wa littafin karatun yara na maɗaba'ar, kuma maimakon Ghosh ya ƙullace shi, sai ya ba shi mujallar bayan editanta na baya, Shyamsundar Das. Ba da daɗewa ba Dwivedi ya saɓa da na gaba da shi a ofis, ya ajiye aikin jirgi mai albashi mai tsoka, ya koma unguwar Juhi a Kanpur, daga can yake aika kayan mujallar zuwa Allahabad. A farkon lamarin marubuta sun yi ƙaranci, saboda haka shi yake cika shafuka da yawa da sunayen aro, yana kuma tara kayan watanni masu zuwa tun kafin lokacinsu don kada mujallar ta makara.

Rubuce-rubucen da aka aiko masa, waɗanda har yau ake ajiye da wasunsu a Banaras, suna nuna yadda yake aiki: yana soke kalma ya sa wata, yana gyara jinsin suna da dacewarsa da aikatau, yana sa alamomin tsayawa, yana datse jimlar da ta yi tsawo ba dalili, wani lokaci ya sake gina sakin layi ɗungurungum, sa'an nan ya buga da sunan mai shi ba tare da ya nuna hannunsa ba. Ra'ayinsa shi ne harshen waƙa da na zube su zama ɗaya, kuma ya fi son kalma mai sauƙi da jama'a suka sani, ko da asalinta Farisanci ne ko Larabci, a kan tsauraran kalmomin Sanskirit da ake cusawa don burga. Wanda ya fi cin moriyar wannan horo shi ne Maithilisharan Gupt, saurayi daga Chirgaon kusa da Jhansi, wanda waƙarsa ta fara fitowa a mujallar a 1905 bayan ta sha gyara, ya kuma bar Braj ya rungumi Khari Boli bisa shawarar editan. A 1908 Dwivedi ya buga maƙala da sunan aro yana zargin mawaƙa da yin biris da Urmila, matar Lakshmana a labarin Ramayana, wadda aka bari a gida shekara 14 yayin da mijinta ya raka yayansa Rama gudun hijira, kuma wannan ƙorafi ne Gupt ya riƙe har ya haifar da Saket, doguwar waƙarsa da ta fito a 1931. Da wuya a sami shaidar da ta fi wannan kan abin da edita nagari yake iya yi, domin ya hango giɓin da shi ba zai iya cikewa ba, ya kuma reni wanda zai cike shi.

Dwivedi bai taƙaita mujallar ga adabi ba, domin ya cika ta da tarihi da kimiyya da tarihin rayuwar mashahurai da labarin ƙasashe, shi kansa kuma ya fassara maƙalun Francis Bacon da littafin Herbert Spencer kan ilimi da na John Stuart Mill kan 'yanci, ya kuma wallafa Sampatti Shastra a 1908, ɗaya daga cikin littattafan farko na ilimin tattalin arziki a Hindi. A shafukanta ne gajeren labarin Hindi ya tsaya da ƙafarsa, inda a 1915 aka buga shahararren labarin Chandradhar Sharma Guleri mai suna Usne Kaha Tha, da kuma Saut na Premchand, wanda a lokacin yake ƙaurowa daga rubutun Urdu.

Wannan tsanani yana da nasa farashi. Ya saɓa da ƙungiyar Banaras har ta janye sunanta daga bangon mujallar, ya kuma yi doguwar muhawara kan nahawu da Balmukund Gupt, editan jaridar Bharat Mitra ta Kalkata. Abin da ya fi nauyi shi ne waƙar da ta fito daga makarantarsa ta yawaita wa'azi da zayyana abubuwa filla-filla, kamar zuben da aka sa wa amsa-amo, kuma lokacin da Suryakant Tripathi Nirala ya aiko da waƙarsa Juhi ki Kali, wadda ba ta bin ma'aunin gargajiya, an mayar masa da ita. Ko bayan ya bar aiki, Dwivedi ya soki mawaƙan Chhayavad, sabon salon da ya fifita zurfin ji da hoton zuci, duk da cewa da harshen da ya share musu hanya suke waƙa. A nan ya yi kuskure, kuma masu karatu sun bi Nirala da takwarorinsa na Chhayavad.

Rashin lafiya ya sa Dwivedi ya miƙa mujallar ga Padumlal Punnalal Bakshi ya koma ƙauyensu. Ƙungiyar Banaras da suka taɓa saɓawa ta karrama shi da laƙabin Acharya, wato babban malami, ta kuma gabatar masa da kundin girmamawa a 1933, kafin rasuwarsa a Raebareli a watan Disambar 1938. An daɗe ana kallonsa a matsayin mai gyaran nahawu kawai, sai a 1977 da manazarci Ramvilas Sharma ya wallafa littafi a kansa, inda ya koma ga maƙalunsa kan talaucin manoma da tattalin arzikin mulkin mallaka, ya kafa hujja cewa Saraswati ta zamaninsa cibiya ce ta farkawar al'ummar da ke magana da Hindi.