Wida: abin da rairayin bakin teku ya rufe



Duk mai waya a hannu ya san hotunan nan da ke yawo idan babban hutu ya matso: farin rairayi, itatuwan kwakwa, shuɗin ruwa, da rubutu a ƙasa wai zo ka huta. Yau Zanzibar, gobe tsibiran Maldib, jibi Lome ko Kwatano. Mu da Allah bai ba ƙasarmu teku ba, irin wannan hoto yana jan hankalinmu, kuma ni ma ya ja nawa. A wani babban hutu, kafin rufe iyaka na 2023, na tara ɗan abin da ya samu, na ɗauki iyali muka shiga kar daga Maraɗi. Muka bi ta Doso da Gaya, muka ƙetare gada zuwa Malanbil, muka wuce Faraku har Kwatano. Niyyata yara su ga teku da idonsu, don na gaji da zana shi a allo.

Teku kam mun gan shi. Sai mai masaukinmu a unguwar Zango ya ce kada mu koma gida ba mu leƙa Wida ba, tun da kilomita 40 ne kawai yamma da Kwatano. Muka je. Daga tsakiyar gari akwai wata hanya mai kusan kilomita 4 da ta miƙe har bakin ruwa. A ƙarshenta aka gina wata babbar ƙofa a 1995 da taimakon UNESCO, ana kiranta ƙofar da ba a dawowa. A samanta an sassaƙa mutane a jere, ɗaure, sun nufi teku. Ɗiyata, tana ajin CM2 a lokacin, ta tambaye ni: "Baba, da Hausawa cikin waɗanda aka fitar ta nan?" Na ce mata a'a, wannan sha'anin mutanen bakin teku ne. Na faɗa da ƙarfin gwiwa irin na malamin da ya saba ba a yi masa musu. Ashe kuskure na yi, kuma shekara da shekaru ina koyar da wannan kuskure a aji. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Wida tashar ruwa ce ta wata ƙaramar masarauta ta mutanen Huweda, mai babban birni a Sabi. Tun ƙarshen ƙarni na 17 Turawa ke cinikin bayi a wurin. Faransawa sun gina ganuwarsu, Ingilishi sun gina tasu, Fotugal ta gina tata a 1721. A 1727 Sarki Agaja na Dahome ya ci Huweda da yaƙi, tashar ta koma hannun sarakunan Abome, suka naɗa wani hakimi mai sarautar Yobogan wanda aikinsa shi ne hulɗa da Turawa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 1 aka fitar ta Wida daga wajen 1670 zuwa wajen 1860. A duk gaɓar Afirka ta wannan ɓangare, Luwanda ta Angola ce kaɗai ta fi ta.

Abin mamaki, Wida ba ta da matsayar jirgi. Jiragen suna tsayawa can nesa cikin ruwa. Sai a koro mutane daga gari, a ƙetare da su wani tafki da ke tsakanin gari da teku, a zuba su cikin kwale-kwale, a ratsa igiyar ruwa mai ƙarfi da su. Kwale-kwale kan kife, kuma wanda ke ɗaure ba ya iyo. Wannan igiyar ruwan ce muke tsayawa gabanta yau muna ɗaukar hoto.

Me ake bayarwa a karɓi mutum? Tufafi, bindiga da albarushi, giya, tabar Bahiya ta ƙasar Barazil, da kuma wuri. A nan ne labarin ya fara shigowa gidanmu. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwannin Katsina, Kano, Maraɗi da Damagaram ba a ƙasarmu aka haƙo shi ba. Ƙwanson wata ƙaramar dabbar ruwa ce, kuma mafi yawansa daga tsibiran Maldib yake, can cikin tekun Indiya, wato tsibiran nan da ake tallata mana don hutun masu hali. Jiragen Turawa kan kwashe shi zuwa Turai, daga nan a sauke shi a Wida da sauran tashoshi, sannan ya hau arewa hannu zuwa hannu. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Idan tsohuwa ta ce ba ta da ko wuri, ko ɗan kasuwa ya ce an biya shi wuri na gugar wuri, tarihin nan ne ke magana a bakinsu. Keso ɗaya wuri 20,000 ne. A tsakiyar ƙarni na 19 ƴan kasuwar Jamus suka fara kawo wani irin wuri mai araha daga wajen Zanzibar, ya cika kasuwa har darajarsa ta zube. Tsibirai biyun da ke cikin hotunan wayarmu, duka suna da hannu a aljihun kakanninmu.

Wuri yana hawa arewa, mutane suna gangarowa kudu. Bayan jihadin 1804, yaƙe-yaƙe sun yawaita a ƙasar Hausa, kuma kowane yaƙi yana barin kamammu. Wasu an bi da su ta hamada zuwa Tarabulus. Wasu an sayar da su kudu ta Nufe, Borgu da ƙasar Oyo har suka kai Legas, Badagiri, Fotonobo da Wida. Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin a 1807, amma bai tsaya ba, ya dai koma fasa-ƙwauri. A Wida ma sai ya sami sabon uban gida, wani ɗan Barazil mai suna Faransisko Felis da Suza. Ya taimaki Gezo ya hau gadon Dahome a 1818, aka saka masa da matsayin Caca, ya riƙe ciniki har mutuwarsa a 1849. Filin da ake nuna wa baƙi a matsayin kasuwar bayi sunansa yake ɗauke da shi har yau.

Yawancin waɗanda aka ɗauka daga wannan gaɓa a wancan zamani Bahiya aka kai su. Takardun hukumar can sun san Hausawa da sunansu, don sun hana ta barci. A 1807 an tona wani shirin tawaye da Hausawa suka ƙulla a birnin Salbado. A 1809 da 1814 an yi tawaye na sosai, kuma Hausawa ne kan gaba. Sai babban tawayen daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, wanda Musulmi suka shirya, akasarinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa. Sun fito da fararen riguna, kuma a jikin waɗanda aka kashe an sami layu da takardu masu rubutun Larabci. Ku duba, jama'a: mutanen da aka raba da komai, amma karatun allon da suka yi suna yara ya ƙetare teku tare da su, har suna koyar da juna a ɓoye. Bayan an murƙushe tawayen an koro ƴantattu da dama zuwa Afirka, wasu kuma suka dawo da kansu. Zuri'arsu su ne ake kira Aguda a Wida, Fotonobo da Legas. Babban masallacin Fotonobo, mai fasalin ginin cocin Bahiya, aikin wannan al'umma ne.

Akwai mutum ɗaya da nake so kowane malami ya riƙe sunansa: Mahamma Gardo Baƙwaƙwa. An haife shi a Jugu, arewacin Benin ta yau, garin da ke kan hanyar fataken goro zuwa Gwanja. Uwarsa Bakatsiniya ce. Mu mutanen Maraɗi, da muka san daga ina kakanninmu suka taso, ai ɗan'uwa ne. An kama shi, aka bi da shi ta Wida, aka kai shi Barazil wajen 1845. A 1847 jirgin ubangidansa ya je Niyok, ya gudu, ya zauna Hayiti, sannan a 1854 aka buga labarin rayuwarsa a birnin Ditroyit na Amurka. Yana cikin mutane ƙalilan da suka shiga cikin jirgin bayi suka kuma bar mana bayani da bakinsu. Barazil ta hana shigo da bayi a 1850, amma sai 1888 ta soke bautar kanta. Jirgi na ƙarshe da aka sani ya kai bayi Amurka, mai suna Klotilda, daga Wida ya taso a 1860 da mutum 110.

Yanzu ga wurin da maganar ke da ɗaci. Da sauƙi mu tsaya gaban ƙofar nan mu la'anci Bature da sarkin Abome, mu shiga mota mu dawo. Amma wanda ya isa Wida daga ƙasar Hausa, ba Bature ne ya kama shi a gonarsa ba. Yaƙin Sakkwato da Gobir da Maraɗi ya kama mutane ta kowane ɓangare. Damagaram ta yi arziki da cinikin hamada, kuma bayi suna cikin hajar. Kakanninmu suna cikin waɗanda aka sayar, suna kuma cikin waɗanda suka sayar. Ba a tsaya nan ba. Sai a 2003 dokar Nijar ta mayar da bauta laifin da ake hukuntawa. A watan Oktoban 2008 kotun CEDEAO ta yanke hukunci cewa ƙasarmu ta gaza kare Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12, ta kuma ce a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Har gobe akwai gidajen da ake hana aure saboda an binciko asali, kuma a filin wasan lakwal ina jin yaro ya zagi ɗan'uwansa da ɗan bawa. Daga bakin wa ya ji?

Ban ce kada a je hutu bakin teku ba. Wanda Allah ya hore masa, idan hanya ta samu, ya kai yaransa. Wida gari ne mai natsuwa. Ga tsohuwar ganuwar Fotugal, wadda ba su saki ba sai 1961, bayan Dahome ta sami ƴancin kai. Ga ɗakin mesa na masu bautar gargajiya yana kallon babban coci. Kusa da Kwatano ga Ganbiye, garin da aka gina kan turaku a tsakiyar tafkin Nokuwe, wanda mutanen Tofinu suka kafa don tsere wa maharan Dahome. Sai dai a riƙe hannun yara sosai, don ruwan wannan gaɓa yana ja, kuma ɗan Sahel bai san halinsa ba. A kuma saurari masu jagora da kunnen basira. Za su nuna maka wurin itacen mantuwa, su ce maza kan zagaya shi sau 9, mata sau 7, don su manta gida. Wannan labarin baka ne na garin, a karɓe shi a haka. Tarihin Bahiya dai ya nuna ba su manta ba.

Ga abokan aikina, ba sai mun je Wida ba. A kasuwa, wajen masu kayan koli ko masu magani, ana samun wuri da kuɗi kaɗan. Na sayi ƴan ƙwayoyi, kuma duk shekara ina ɗora su kan tebur, in buɗe taswira, in sa yara su bi da yatsa daga Maldib zuwa Turai, zuwa Wida, zuwa Maraɗi. Sannan in tambaye su me ya bi hanyar ya koma. Ajin kan yi tsit, daga nan tambayoyi su ɓarke, kuma wasu sai na ce su je su tambayi kakanninsu.

Ita kuwa ɗiyata, bayan mun dawo da wata biyu na kira ta na ce amsar da na ba ta a bakin teku ba daidai ba ce, na ba ta labarin Baƙwaƙwa. Ta ce: "To Baba, uwarsa ta san inda aka kai shi?" Ban iya ce mata komai ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi ta wannan hanya, ya ba mu ikon faɗa wa yaranmu gaskiya.