Bakasi: Yaƙin Da Aka Yi Ta Jira

Sau biyu Nijeriya da Kamaru suka kai bakin gwabza yaƙi a kan Bakasi, wani zirin ƙasa mai fadama da kifi, wanda ruwansa ke da arzikin mai. Asalin rigimar kuwa ya girmi ƙasashen biyu. A 1884 Ingila ta ƙulla yarjejeniyar kariya da sarakunan Kalaba, sannan a 1913 ta zauna da Jamus suka shata iyakar da ta jefa Bakasi cikin Kamaru, ba tare da an tuntuɓi masuntan da ke zaune a wurin ba.

Karo na farko shi ne a watan Mayu na 1981, lokacin da aka kashe sojojin Nijeriya 5 a kan ruwan iyaka. Jama'a suka harzuƙa, aka yi ta kira da a ɗauki fansa. Shugaba Shehu Shagari ya ƙi. Ya ƙaurace wa taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na Nairobi, ya matsa har Kamaru ta nemi afuwa, ta biya diyya. A lokacin wasu sun kira wannan ragwantaka, alhali kuwa shekara 11 kacal ke nan da gama yaƙin basasa, ƙasa ba ta gama jinyar raunukanta ba.

Karo na biyu ya fi muni. A ƙarshen 1993 gwamnatin Janar Abacha ta tura sojoji yankin, aka yi ta musayar wuta a 1994 da kuma 1996. Abin da ya tayar wa masu lura hankali shi ne Faransa, domin kuwa tana da yarjejeniyar tsaro da Kamaru, har ma ta aika da 'yan sojoji a farkon 1994. Ga Nijar, ga Cadi, ga Binin, duk rainon Faransa ne, kuma su suka yi wa Nijeriya zobe. Da wuta ta kama sosai, da wuya ta tsaya a fadamun kudu, tunda iyakar ta miƙe har Tafkin Cadi, ta ratsa Fulani da Kanuri da Hausawa waɗanda kasuwa da aure suka haɗa.

A watan Maris na 1994 Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Heg. A ganina, jinkirin kotun nan ya yi amfani ƙwarai, don shekara 8 da aka kwashe ana shari'a ta isa zukata su huce, mulki kuma ya koma hannun farar hula. Ranar 10 ga Oktoba 2002 kotu ta ba Kamaru gaskiya, bisa takardar nan ta 1913. An yi ta guna-guni cewa shugaban alƙalan Bafaranshe ne, amma Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, bisa shiga-tsakanin Kofi Annan, aka kammala miƙa yankin ranar 14 ga Agusta 2008.

Sai dai ba a cika tunawa da waɗanda sulhun ya faɗa wa a kai ba. Dubban mutanen Bakasi sun bar gidajensu da wuraren sunsu, aka tsugunar da su a Jihar Kuros Riba. A can arewa ma, tun a Disambar 2003 Nijeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da 30 na bakin Tafkin Cadi, ciki har da Darak, inda masunta Hausawa da suka bi ruwa yayin da tafkin ke ja da baya suka wayi gari a ƙarƙashin jandarmomin Kamaru.