Tsadar mai da al'adar shiga mota ɗaya a yankin Kudan

Ƙaramar hukumar Kudan, mai hedkwata a Hunkuyi, tana arewacin Zariya ne a jihar Kaduna, kuma ƙidayar shekarar 2006 ta nuna tana da mutane kimanin dubu 139.

Akasarin jama'arta dai manoma ne, kamar maƙwabtansu na Maƙarfi da Ikara, inda ake noman rake da tumatir da masara. To amma ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa da dama sukan yi sammako zuwa Zariya, su komo gida da yamma.

Tsohuwar al'ada

Haɗuwar mutane cikin mota guda ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Motar haya ba ta barin tasha sai ta cika, kuma tun kafa ƙungiyar direbobi ta NURTW a 1978, galibi wakilanta ne ke tsara layin lodi.

Haka kuma mai mota yakan rage wa maƙwabci hanya ba tare da ya karɓi ko kwabo ba, domin ana ɗaukar hakan a matsayin zumunci da neman lada.

Abin da ba a saba da shi sosai ba shi ne masu motoci su ajiye nasu, su yi karo-karon kuɗin mai, su shiga ta mutum ɗaya.

Me ya sauya?

A ranar 29 ga watan Mayun 2023 ne Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin mai. Cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kimanin naira 500, kana ta zarta naira dubu ɗaya a watan Oktoban 2024.

Kuɗin mota ya bi sahu, lamarin da ya sa zirga-zirgar yau da kullum ta koma cinye kaso mai tsoka na albashin ƙaramin ma'aikaci.

Lissafin karo-karo kuwa a fili yake: idan mutum 4 suka raba man tafiya guda, kowannensu zai biya rubu'in abin da zai kashe da shi kaɗai ne a motar. An kuma rage motoci 3 a kan titi, tare da hayaƙinsu.

Me ke sa wasu ɗari-ɗari?

Na farko shi ne tsaro. Satar mutane a hanyoyin jihar Kaduna, da fashin da ake yi wa fasinjoji cikin motocin haya na bogi a Abuja, sun sa direba na tsoron ɗaukar wanda bai sani ba, shi ma fasinja na tsoron motar da ba ta tasha ba.

Na biyu, kunya. Mutane da yawa na jin nauyin karɓar kuɗi daga hannun ɗan'uwa ko abokin aiki, sai ɗawainiyar ta taru a kan mai mota har ya gaji.

Akwai kuma batun daraja, ganin cewa mallakar mota alama ce ta rufin asiri, ga kuma saɓanin lokacin fita da na tashi daga aiki.

Mata kuwa sun daɗe suna kokawa da gwamutsi da maza. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta fito da babura masu ƙafa uku na A Daidaita Sahu a Kano a 2005.

Matakan gwamnati

A watan Disamban 2021 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta mai da ranakun zuwa ofis 4 a mako ga ma'aikatan jihar Kaduna.

A 2023 gwamnatin tarayya ta kafa shirin mai da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG, wadda ta fi fetur araha da ƙarancin hayaƙi, yayin da a 2025 gwamnatin Uba Sani ta ƙaddamar da bas-bas 100 masu amfani da ita.

Sai dai irin waɗannan matakai sun fi amfanar mazauna manyan birane, domin a can ne gidajen sayar da iskar suke. Mutumin ƙauye har yanzu da acaba da ƙananan motocin haya ya dogara.

A wasu ƙasashe

A Amurka an ƙarfafa wannan tsari lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da kuma ƙarancin mai na 1973, har aka ware layi na musamman a wasu manyan tituna ga motocin da ke ɗauke da fiye da mutum ɗaya.

A Faransa kuma kamfanin BlaBlaCar na haɗa direbobi da matafiya ta intanet, inda kowa ke iya duba shaidar da wasu suka yi wa ɗan'uwansa kafin a kama hanya.

A garuruwa irin su Hunkuyi, inda kusan kowa ya san gidan kowa, sanayya ce ke maye gurbin wannan shaida. Abin da ya rage shi ne a yi magana kan kuɗin mai tun kafin a tashi.