Shekarar da Dawakan Motocin Amurka Suka Ragu

A shekarar 1972 masu sayen mota a Amurka sun ga ƙarfin dokin da kamfanoni ke rubutawa a takardun talla ya faɗi warwas. Dokokin rage hayaƙi sun ɗan rage wa injina kuzari, amma babban dalili shi ne an sauya yadda ake awon.

Ma'aunin kansa ya girmi mota. Wajen 1782 injiniyan Sikotilan James Watt yana neman hanyar tallata injinsa na tururi ga mutanen da dawaki ke yi musu aiki. Sai ya ƙiyasta cewa doki ɗaya zai ɗaga laba 33,000 tsawon ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya, wato kimanin wat 746 a lissafin yau. A 1821 Bafaranshe Gaspard de Prony ya ƙera na'urar awo: ana matse sandar da injin ke juyawa da birki, a ga irin turjiyar da zai iya jurewa. Har yanzu a kan wannan dabara ake tafiya. Ana auna ƙarfin murɗawar injin, a ninka da saurin juyawarsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne halin da injin yake ciki lokacin gwaji. Kafin 1972 kamfanonin Amurka kan ɗora shi tsirara a kan teburin gwaji, babu matatar iska, babu salansa, babu altaneta, alhali duk waɗannan suna cin ƙarfinsa a kan titi. Sabon tsarin ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ya ce a gwada shi da kayansa cif. Injin Hemi 426 na Chrysler ya nuna girman giɓin a 1971: doki 425 a tsohon awo, 350 a sabo.

A Japan kuwa ragewa aka yi. Daga 1989 zuwa 2004 kamfanonin ƙasar sun yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba mai tallata fiye da doki 280 a cikin gida, ko da injin ya wuce haka. Dokin Jamus ma, wanda ake rubutawa PS, wat 735.5 ne, bai kai na Watt ba. Saboda haka kwatanta motoci biyu da adadin dawakinsu ba ya yiwuwa sai an san ƙasa, shekara da tsarin da aka auna kowacce da shi.