Yadda Aka Hana Farin Wata Girma a Majigi

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa da dare, ya leƙa ta taga, ya ga wani abu da ido ya saba da shi har ba ya kula. Itatuwan bakin hanya suna wucewa da gudu kamar an koro su, dutsen da ke can nesa yana tafiya sannu sannu, farin wata kuwa yana nan inda yake, sai ka ce rakiya yake yi maka. Da wannan bambanci ne ido ke gane kusa da nesa. To, wannan ɗan abu shi ya ba masu yin majigin zane wuya shekara da shekaru, a Jamus da Amurka.

Bari mu fara da yadda ake yin majigin. Zane ba ya motsi. Mai zane ne ke zana mutum, ya sake zana shi ya ɗan ɗaga ƙafa, ya sake kuma ya ƙara ɗagawa kaɗan. Sa'an nan a kafa kyamara, watau akwatin ɗaukan hoto, a bisa tebur tana kallon ƙasa, a riƙa sa zanen a ƙarƙashinta ana ɗauka ɗaya bayan ɗaya. In an zo nunawa, hoto 24 ke wucewa cikin sakan guda, watau 1,440 cikin minti guda, ido kuwa ya ruɗe ya ga mutum yana tafiya.

Da fari kome da kome ake sake zanawa. A 1914 wani Ba'amurke, Winsor McCay, ya yi majigin wata ƙatuwar dabba ta zamanin da, ana ce da ita Gertie. Zane wajen 10,000 ya ci, kuma a kowane ɗaya sai da aka sake zana duwatsu da ruwan da ke bayanta. A wannan shekara ce Earl Hurd ya kawo sauƙi. Ya ce a zana daji ko gari sau ɗaya tak a takarda, mutane da dabbobi kuwa a zana su a kan wata irin leda mai ƙarfi wadda ake hango abin da ke bayanta, a ɗora a kai. Leda kaɗai za a riƙa sakewa.

Wahala ta ragu, amma saura ɗaya. A ce an zana gona da dare, ga itace a gaba, ga gida can baya, ga farin wata a sama, ana so mai kallo ya ji kamar yana tafiya zuwa gidan. Sai a riƙa matso da kyamara kusa da takardar. Itace ya girma, daidai ne. Gida ya girma, daidai ne. Amma ga wata shi ma yana ta kumbura kamar ana hura shi, don duk a takarda ɗaya suke. Ko yaro ya san ba a yi wa wata kusa da tafiyar ƙafa.

Yawancin mutane in an tambaye su wanda ya warware wannan, sai su ce Walt Disney. Ni a ganina ba a yi wa wata mace adalci ba. Sunanta Lotte Reiniger, Bajamushiya, an haife ta a Balin a 1899. Ita ba da alƙalami take aiki ba, da almakashi. Takan yanka siffar mutum daga baƙin kwali da dalma mai laushi, ta haɗa gaɓoɓin da siririn waya don su lanƙwasu, ta kwantar a kan gilashi, a kunna fitila daga ƙasa, sai inuwa ta fito baƙa ƙirin. Daga 1923 zuwa 1926 ita da mijinta Carl Koch da 'yan abokan aiki kaɗan suka duƙufa a wani ɗan ɗaki a Potsdam suna yin labarin Yarima Ahmadu, wanda ta tsamo daga Dare Dubu da Ɗaya. Teburinsu ba gilashi ɗaya gare shi ba: hawa hawa ne, wani bisa wani da rata a tsakani, kyamara tana can sama. Abin da ke kusa a hawan sama, abin da ke nesa a na ƙasa, kowane ana iya motsa shi dabam. Cikin dogayen majigin zane da suka rage a duniya, babu wanda ya girmi nata.

A Amurka ma ba Disney ya fara ba. A 1933 Ub Iwerks, tsohon abokin aikinsa wanda suka rabu, ya ƙera irin wannan kyamara da ƙarafan wata tsohuwar mota Chevrolet. Su Max Fleischer kuma suka bi wata hanya a 1934: suka gina ɗan ƙaramin gari na gaske a kan tebur mai juyawa, suka riƙa tsai da ledar zane a gabansa suna ɗauka.

Abin da kamfanin Disney ya yi shi ne ya zuba kuɗi da gwanaye har abin ya kai matuƙa. Injiniyansu William Garity ya shugabanci ƙera wata kyamara wadda aka gama a 1937. Ginshiƙan ƙarfe huɗu gare ta, tsayinta ya kai na mutum biyu, tana ɗaukar hawa har bakwai. A kan gilashin kowane hawa ana zana rabonsa da fentin mai, a bar sauran wurin fayau don a hango na ƙasa. Kowane hawa da fitilunsa, kuma ana iya ɗaga shi, ko a sauke, ko a tura shi dama ko hagu. Ga maganin wata ke nan: hawan itace a matso da shi da sauri, hawan gida a hankali, hawan wata kuwa kada kowa ya taɓa shi.

Amma fa aiki ne ja. Kafin a ɗauki hoto guda, sai ma'aikata da dama kowa ya juya nasa hawan gwargwadon lissafin da aka rubuta masa, a share ƙura, don ƙwayar ƙura ɗaya a gilashi za ta fito a allo ƙatuwa. Ga zafin fitilu. In mutum ɗaya ya yi kuskure a hoto na ɗari biyu, ba a sani sai an wanke fim, sa'an nan a koma farko.

Sun fara gwada ta a wani gajeren majigi, The Old Mill, labarin wani tsohon gidan niƙa da mujiya da jemagu da kwaɗi suka mayar gidansu, hadari ya taso musu da dare. Ya fito a Nuwamba 1937, ya ci kyautar Oscar. A Disamba sai ga Snow White, daga baya Pinocchio a 1940 da Bambi a 1942, inda mai kallo ke kutsawa cikin kurmi, ganye na kusa yana wucewa dishi dishi, na nesa yana fitowa sarai. Saboda tsada, ba kowane wuri a cikin fim ake amfani da ita ba, sai inda ake so a burge.

Ta yi shekara hamsin da 'yan kai tana aiki. Fim na ƙarshe na Disney da aka yi wa irin wannan ɗauka shi ne The Little Mermaid a 1989. Daga 1990 kwamfuta ta karɓi aikin, ita kuwa hawa nawa ka ke so sai ta jera maka, ba ƙura, ba zafi. Ɗaya daga cikin tsofaffin kyamarorin tana ajiye a gidan tarihin iyalin Disney a San Faransisko.

Lotte Reiniger kuwa ta bar Jamus a zamanin Hitila, daga baya ta zauna a Ingila tana ta yanka kwalinta, ta rasu a 1981. Asalin fim ɗin Yarima Ahmadu ya salwanta a Jamus. Kwafi ɗaya da aka adana a Landan shi ya tsira, daga gare shi aka sake buga wanda ake kallo yau.